Bora Da Mowa A Ƙasar Sin: Abin Da Ya Sa Labarin Minglan Ya Hana Matan Badarawa Barci

A da can, idan aka ce "fim ɗin Chanis" a Kaduna, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, wato naushi da tsalle da karairaya. Kallon samari ne, mu mata kuwa Indiya ce tamu. Amma yanzu lamarin ya sauya. A Badarawa da maƙwabtanta irin su Kwaru da Malali da Unguwar Dosa, in kika zauna a wurin kitso ko gidan suna, ba abin mamaki ba ne ki ji ana cacar baki a kan wasu mata masu dogayen riguna, waɗanda aka gina labarinsu a kan zamanin da ya wuce da kusan shekara dubu. Ana Allah wadai da wata wai ita Lin, ana sa wa wata tsohuwa albarka, kamar dai a bayan layi suke zaune.

Ni ma ina cikin waɗanda abin ya kama, kuma shirin da ya fi tsaya mini a rai shi ne The Story of Minglan, wanda a tsakaninmu muke cewa Minglan kawai. An tallata shi a matsayin labarin soyayya, kuma akwai soyayyar. Sai dai abin da ya zaunar da iyaye mata a gabansa ya wuce nan. Labari ne na gidan da maigida ya kasa yin adalci, da kuma yadda 'ya'ya suka biya bashin.

Yadda suka iso hannunmu

Alaƙar Hausa da ƙasar Sin ta kafar watsa labarai ta daɗe. Tun 1963 gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa. A 2010 kamfanin StarTimes, wanda na 'yan Sin ne, ya fara aiki a Najeriya tare da haɗin gwiwar NTA, ya shigo da shirye-shiryen can cikin falukanmu. A 2013 aka nuna Beijing Love Story da muryoyin Hausa, kodayake shi labarin matasan zamani ne.

Amma abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne wayar hannu. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke hannun yawancinmu ma na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Wata tana kallo a YouTube da fassarar Turanci a rubuce a ƙasa, wata kuma sai ta aiki yaro shagon masu turin fina-finai a zuba mata a memori. Daga nan sai ya bi gida-gida, ƙawa ta tura wa ƙawa.

Su wane ne mutanen gidan Sheng?

An fara nuna Minglan a ƙasar Sin a watan Disamba na 2018. Yana da kashi sama da 70, kuma jaruma Zhao Liying ce ta fito a matsayin Minglan, Feng Shaofeng kuma ya fito a matsayin Gu Tingye, wanda ya zama mijinta. An gina labarin a zamanin daular Song ta Arewa, wadda ta yi mulki daga shekarar 960 zuwa 1127.

Sheng Hong ma'aikacin hukuma ne mai mata uku a gidansa. Akwai uwargida Wang, 'yar babban gida, mai zafin rai da saurin baki, wadda abin da ke cikinta shi ne a bakinta. Akwai Lin, mowar gida, mai sanyin murya da hawaye a kusa, wadda maigida ba ya ganin laifinta. Sai Wei, mahaifiyar Minglan, borar da ko gawayin jin ɗumi ba ya isarta a lokacin sanyi.

Wei ta rasu wurin haihuwa a lokacin da maigida da uwargida ba sa nan, ragamar gida tana hannun Lin. Minglan tana 'yar ƙarama ta fita ta wata kafa a jikin katanga neman likita, amma kafin a zo bakin alƙalami ya bushe. Wasiyyar da uwar ta bar mata ita ce ta ɓoye basirarta, kada ta yarda ta fi kowa haske a gidan da ba ta da mai tsaya mata. Daga nan kakarta ta ɗauke ta zuwa sashenta, ta raine ta.

Inda muke ganin kanmu

Duk wadda ta tashi a gidan yawa ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Ga 'yan ubanci tsakanin 'yan mata uku da suka taso tare, Molan 'yar Lin, Rulan 'yar Wang, da Minglan marainiya. Ga rigimar wa zai riƙe makullin sito. Ga 'yan aiki masu kai gulma daga wannan sashe zuwa wancan.

Sannan ga al'adu masu kama da namu. Da safe yara da surukai suna zuwa gaida manya a tsugune. Sashen mata daban, na maza daban, kuma budurwa ba ta sakin jiki da baƙon namiji. Aure ba ya yiwuwa sai manya sun shiga, a bincika asali, a kai kaya. Ranar ɗaurin auren Minglan ta sa koren kaya, ango ya sa ja, ta rufe fuskarta da mafici kamar yadda amaryarmu take lulluɓi. Tufafinsu kuwa har ƙasa, hannu har wuyan hannu. Wannan ya sa uwa ba ta yawan zabura neman rimot in yara suka shigo.

A gidanmu yarinyar wajena ce ke karanta Turancin tana fassara wa kakarta, wato surukata. Wani dare ana tsaka da nuna Sheng Hong yana lallashin Lin bayan ta yi laifi ƙiri-ƙiri, sai Hajiya ta ɗaga hannu ta ce wa jikar tata, "Ke kishiyata, tsayar da shi nan. Wannan mutumin ai na san irinsa, ba a Sin kaɗai ake haifarsu ba." Muka yi dariya, amma ita ba ta yi ba.

Inda muka sha bamban

Yana da kyau mu gane cewa Lin da Wei ba kishiyoyin Wang ba ne irin yadda muka san kishiya. A tsohuwar al'adar Sin, matar aure ɗaya ce tak. Sauran ƙwaraƙwarai ne, darajarsu tana ƙasa, wasu ma sayo su ake yi. A cikin shirin za ki ga 'ya'yan ƙwarƙwara suna kiran uwargida da sunan uwa, ita kuwa wadda ta haife su sai su kira ta da wani laƙabi mai nufin ƙaramar uwa. Ɗan matar aure ya fi ɗan ƙwarƙwara daraja wurin neman aure da zaman jama'a. Dokar aure ta 1950 ce ta haramta wannan tsari a ƙasar Sin.

A wurinmu kuwa, a shari'ar Musulunci ta biyu da ta huɗu duk matan aure ne kamar ta farko. Kowacce da sadakinta, da kwananta, da haƙƙin ci da sha da sutura, kuma 'ya'yan wannan ɗaki ba su fi na wancan ba a wurin gado. A Suratun Nisa'i, inda aka halatta ƙarin aure, nan aka gindaya sharaɗin adalci. To abin tambaya shi ne, in tsarinmu ya ba kowa haƙƙinta tun asali, me ya sa gidan Sheng yake mana kama da gidajen da muka sani? Amsar ita ce bora da mowa ba doka ce ke yin su ba, maigida ne.

Mai laifin da ba a cika zagi ba

Mafi yawan masu kallo Lin suke tsine wa, kuma ta cancanta. Amma ki lura da kyau. Wa ya ba ta makullin gida alhali ga uwargida? Wa ya ƙi zurfafa bincike a kan mutuwar Wei don kada sunansa ya ɓaci a wurin aiki? Sheng Hong ba mugu ba ne irin na fim, ba ya zare ido. Mutum ne mai son a ce gidansa lafiya lau, ko da ciki ya ruɓe. Shi kansa ɗan ƙwarƙwara ne da ya ga wahala yana yaro, sai ya ɗauka tausayin Lin shi ne adalci, ya manta akwai wata marainiya a gidan.

Sakamakon kuwa a kan yara ya sauka. Molan ta koyi cewa da hawaye da kissa ake samun komai, har ta jefa mutuncin gidan gaba ɗaya cikin haɗari wurin neman miji mai sarauta. Rulan ta taso da ɗacin ganin ana wulaƙanta uwarta. Minglan ta koyi shiru, har ta girma ba ta iya yarda da kowa ɗari bisa ɗari, ko da mijin da ke sonta. Ruwa ba ya tsami banza. Idan kika ga 'yan uba sun girma ba sa ga maciji, ki waiwaya ki ga yadda aka raba nama suna yara.

Tsohuwar da ta riƙe amana

Tauraruwar shirin a wurina ita ce kakar Minglan. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne ba jininta ba ce. Ba ita ta haifi Sheng Hong ba, ɗan mijinta ne da ta riƙa bayan nata ɗan ya rasu. Duk da haka ta ɗauki marainiyar ta mayar da ita 'yar ɗaki.

Kuma ba gata kaɗai ta yi mata ba. Minglan ta zauna ajin karatu tare da 'yan uwanta maza. An kawo wata dattijuwa da ta yi aiki a fada, mai suna Kong, ta koya wa 'yan matan ladabi, kuma ranar da suka yi faɗa ta hukunta su gaba ɗaya, ta nuna musu cewa abin kunyar ɗaya na kowa ne. Kakar ta koya wa Minglan duba littafin lissafi da tafiyar da 'yan aiki, ta kuma haɗa mata da takardun gonaki a kayan aurenta. Shi ya sa da ta faɗa gidan miji mai cike da makirci, inda matar uban mijin take murmushi a fuska tana haƙa rami a ƙasa, ba ta tsaya kuka ba. Ta san lissafi, ta san haƙƙinta, tana da abin hannunta.

A nan ne labarin ya daina zama na Sin. A layukanmu na Badarawa, gida nawa ne babu 'yar riƙo, ko agola, ko ɗan kishiyar da ta rasu ko ta fita? Muna kuka saboda Minglan a waya, alhali wata Minglan ɗin tana tsakar gida tana wanke-wanke, 'ya'yanmu sun tafi Islamiyya. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, amma sai a rabon tuwo da kuɗin makaranta ake gane wadda ta yarda da haka.

Inda ya kamata a yi hattara

Na farko, makirci. Waɗannan shirye-shirye cike suke da guba da ƙage da tarko. Ita kanta Minglan ta shirya ramuwar da ta kusa shafar 'yan uwanta mata da ba su ji ba ba su gani ba, kuma kakarta ta tsawata mata. Yarinya mai shekara 14 tana iya ɗaukar wayon ta bar darasin. Ko a can Sin abin ya jawo magana. Story of Yanxi Palace, wanda shi ne shirin talabijin da aka fi nema a Google a duniya a 2018, ya sha suka daga wata jaridar hukuma a Beijing a farkon 2019 saboda yayata makircin fada da almubazzaranci, har tashoshi suka janye shi. In masu abu sun yi taka-tsantsan, mu ma sai mu zauna tare da yaranmu mu tambaye su: wa ya yi daidai a nan, kuma me ya sa?

Na biyu, aƙida. Za a ga ana durƙusa wa allunan sunayen kakanni, ana ƙona turare a wuraren bauta, ana shan giya a wurin biki. Ba sai an ɓoye ba, a yi wa yaro bayani cewa wannan al'adar wasu mutane ce, ga kuma abin da mu muka yi imani da shi.

Na uku, lokaci da kuɗi. Kashi sama da 70, kowanne kusan minti 45, ya haura awa 50 ke nan. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowa ta ji a jikinta. Ki rage ƙarfin hoton zuwa 360p, a fuskar waya bambancin kaɗan ne, ko ki sauke kashi biyu da daren da data ke da sauƙi. Ki yanke wa kanki iyaka, domin "bari in ƙara ɗaya" ita ce ke kai mutum ƙarfe biyun dare, ga Asuba, ga shirin 'yan makaranta.

Ga wadda ba ta fara ba, ki yi haƙuri da kashin farko-farko, sunaye suna da yawa kuma tafiyar a hankali take. In kika wuce nan, ba sai an ce ki ci gaba ba. In da hali kuma, ki ja maigida ya zauna ko da kashi biyar na farko ne, ki bar Sheng Hong ya yi masa wa'azin da ke ba za ki iya ba.

Ke kuma da kika gama, wa kika fi ɗora wa laifin abin da ya sami gidan Sheng, Lin ko maigidan? Kuma a rayuwarki, wace ce ta zame miki kakar Minglan? Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da ke hannunmu, namu da na wasu.