Ngaundere: Yadda damina da rani ke sauya hanyoyin tattaki a kewayen gari

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Yawunde da safe a Ngaundere, idan ya ɗaga kai zai hango wani tsauni da dunƙulallen dutse ke zaune a ƙolinsa kamar an ɗora shi da hannu. Daga nan garin ya samo sunansa. A harshen Mbum, waɗanda su ne mazauna wurin tun kafin zuwan Fulani, Ngaundere na nufin dutsen cibiya.

Da yawa daga cikinmu an haife mu a gindin wannan dutse, mun girma muna ganinsa kullum, amma ba mu taɓa hawa ba. Muna ɗaukar yawon duwatsu, wato abin da masu Faransanci ke kira randonnée, a matsayin aikin Turawa. Abin ya fara sauyawa. Ranar Lahadi da sassafe za ka ga matasa da ɗalibai, har da magidantan da likita ya ce su rage zama, suna haurawa. Sai dai hanyar da ka bi lafiya lau a Disamba tana iya karya maka ƙafa a Agusta. Shi ya sa ya kamata a san wurin, a kuma san lokacinsa.

Gari a kan tudu

Ngaundere ita ce babban birnin yankin Adamawa ta Kamaru, kuma tana zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,100 daga matakin teku. Garwa, da ke arewa da ita, ba ta wuce mita 250 ba. Da yake iska na ƙara sanyi da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000, matafiyin da ya baro zafin Garwa a watan Maris yana jin bambancin tun motarsu ba ta gama hawa gangaren Mbe ba.

Ruwan sama ma ya fi yawa. Ngaundere na samun kimanin milimita 1,500 a shekara, kusan ninki uku na abin da Maraɗi ko Njamena ke samu, kuma damina tana ɗaukar wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. Daga wannan tudu manyan koguna ke tasowa: Binuwai da ke ratsa Garwa da Yola har ta haɗu da Kwara a Lokoja, da rassan Sanaga da ke gangarawa kudu, da ruwan da ke shiga Logon ya nufi Cadi. Saboda haka ake yi wa Adamawa laƙabi da rumbun ruwan Kamaru.

Tafiyar ƙafa a wannan ƙasa ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Tun bayan da Ardo Njobdi ya kafa mulkin Fulani a nan wajajen 1830, a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola, fataken Hausawa ke zuwa da ƙafa da jakuna, har suka kafa unguwarsu da ke nan har yau. Jirgin ƙasa bai iso ba sai 1974. Bambancin kawai shi ne kakanninmu sun taka don neman abinci, mu kuwa muna takawa don neman lafiya.

Wuraren da ake takawa

Na farko shi ne dutsen Ngaundere kansa. Daga cikin unguwannin da ke gindinsa ake kama hanya, kuma mai lafiya zai kai sama cikin ƙasa da awa ɗaya. Hanyar na ratsa manyan duwatsu da ciyawa, wasu wurare sai an dafa da hannu. Daga can sama ana ganin garin gaba ɗaya, da rufin masallatai da layin dogo.

Na biyu shi ne tafkin Tison, ƙasa da kilomita 10 kudu da gari, idan an ratse daga hanyar Meiganga. Tafkin yana cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, ruwa ya cika ramin. Ba shi da faɗi sosai, amma zurfinsa ya kusa mita 50. Akwai ƴar hanya da ke zagaye gefen ramin, kuma ita ce ta fi dacewa da iyali da masu fara koyo. Mutanen wurin na cewa ruwansa na sauya launi. Tafkin Mbalang, da ke gabas da gari, irinsa ne, amma ya fi shi girma.

Na uku shi ne mafaɗar ruwan Vina, kimanin kilomita 15 a kan hanyar Meiganga, bayan an wuce Wakwa, inda cibiyar binciken kiwo take. Na huɗu kuma mafaɗar Tello, wajen kilomita 50 a kan hanyar Belel. Ruwan na faɗowa daga tsayin sama da mita 40, kuma akwai kogo a bayansa da mutum zai shiga ya tsaya yana kallon ruwan daga ciki. Waɗannan biyun sai an yi tafiyar mota ko babur, sannan a ƙarasa da ƙafa.

Wane wata, wace hanya?

Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba shi ne lokacin da ya fi kowane kyau. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, amma daji bai rasa korensa ba, sararin sama a buɗe yake, mafaɗan ruwa kuma suna da sauran ƙarfinsu. Matsala ɗaya ita ce ciyawa ta yi tsayi, a wasu wurare ta fi mutum, tana rufe hanya. Wanda bai san wuri ba yana iya ɓata a nan kusa da gari.

Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Da asuba sanyi na kama hannu, sai da rigar sanyi, amma kafin ƙarfe goma rana ta buɗe. Tafiya na da daɗi, sai dai hazo na rage abin da ido ke gani daga saman dutse, ƙura kuma na tayar wa masu asma ciwonsu. A wannan lokaci ne makiyaya da mafarauta ke sa wa daji wuta. Abin da ya kamata mai tattaki ya sani shi ne wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu, domin zafinta na busar da ciyawar da ke samanta tun kafin harshen ya iso. Idan ka hango hayaƙi a ƙasanka, kada ka gudu sama. Ka ratse gefe, ka nemi falalen dutse ko wurin da ya riga ya ƙone.

Maris shi ne watan zafi. Ruwan Tello da na Vina sun ja baya, ciyawa ta ƙone, hanyoyi sun fito fili. Wanda zai fita ya fita bayan sallar asuba, ya dawo kafin hantsi ya yi zafi. Da ruwan farko ya sauka a Afrilu, macizai da kunamu na fitowa daga ramukansu, kuma a farkon damina ne saran maciji ke yawaita.

Daga Yuni zuwa Satumba damina ta kankama. A lokacin ne mafaɗan ruwa suka fi ban sha'awa, a lokacin ne kuma suka fi haɗari. Gansakuka na rufe duwatsu, jar ƙasar nan ta koma taɓo mai santsi, hanyar Belel na wahalar da mota. Ƙoramar da ka tsallake da safe tana iya cika da rana saboda ruwan da aka yi a wani wuri da ba ka gani ba. A irin wannan lokaci gara a tsaya a hanyoyin da ke kusa, a fita da safe, domin hadari ya fi haɗuwa bayan azahar.

Na koyi wannan da kaina. Wata Asabar a watan Yuni na hau dutsen da ɗalibaina goma sha biyu. Mun makara wajen tashi saboda jiran mutum biyu, hadari ya same mu a sama. Saukar da ba ta wuce rabin awa ta ɗauke mu kusan awa biyu, yaro ɗaya ya gurɗe a ƙafa, muka riƙa karɓa-karɓa wajen goyonsa. Babu wanda na ɗora wa laifi sai kaina, domin ni na ga sama ta yi baƙi na ce mu ƙarasa.

Tsawa, maciji da ruwa

Saman dutse shi ne wuri mafi muni a lokacin tsawa. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙara na tafiyar kimanin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya, ka fara ƙirga. In ka ji rugugin kafin ka kai 30, hadarin bai wuce kilomita 10 daga inda kake ba, lokacin sauka ya yi. Kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Maganin maciji shi ne takalmi rufaffe, dogon wando da sanda a hannu. Silifas ba takalmin dutse ba ne. Kada a sa hannu cikin tsagar dutsen da ido bai ga cikinta ba. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.

Tafkunan Tison da Mbalang ba na wanka ba ne ga wanda bai ƙware a iyo ba, domin gefensu a tsaye yake, taku kaɗan ƙafa ta rasa ƙasa. A bakin ruwa mai gudu kuma akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da ke yaɗa cutar makanta, don haka riga mai dogon hannu ta fi. Bayan an dawo a duba jiki saboda kaska, tun da hanyoyin nan na shanu ne. Kowa ya riƙe aƙalla lita ɗaya da rabi na ruwan sha. Mai ciwon suga ya tafi da dabino ko wani abin zaƙi, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya tunkari hawa. A tuna kuma cewa a nan rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira.

Tambaya kafin tafiya

Yankin Adamawa ya sha fama da masu garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa, kuma makiyayan karkara ne abin ya fi shafa, har da ɓangaren Belel. Dutsen gari da Tison suna kusa da jama'a, amma kafin a nufi Tello ko wani wuri mai nisa, a tambayi jandarmomi ko ofishin yawon buɗe ido na yankin halin da hanya ke ciki. A tafi a ƙungiya, a riƙe katin shaida, a gaya wa na gida inda za a da lokacin dawowa.

In an isa ƙauye, a fara da gaida jauro, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a kuma daidaita ladansa tun kafin a tashi. Kada a ratsa gonar mutane ko tsakiyar garke. Adamawa ƙasar zuma ce, za a ga amya a rataye a kan bishiyoyi: dukiyar wani ce, kuma kudan zuma ba ya son hayaniya. Mbum na da wuraren da suke girmamawa a duwatsu, idan aka ce kada a shiga, kada a shiga. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa.

Abin da ke cin dutsen

Garin na faɗaɗa, gidaje na hawa gangaren dutsen, masu fasa dutse na neman abincinsu a jikinsa, masu itace na sare abin da ya rage. Idan aka cire bishiya da ciyawa daga gangare, ruwan Agusta ba ya samun abin da zai tare shi. Yana kwashe ƙasa, ya tone gindin manyan duwatsu, ya gangara da ƙarfi cikin unguwannin da ke ƙasa. Wanda ke zaune a kwari shi ke biyan kuɗin bishiyar da aka sare a sama. Mu masu tattaki ma muna da namu laifin: ledar ruwa, gwangwani da rubutun fenti a jikin dutse.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Ga mazaunin Ngaundere, hawa dutsen sau ɗaya da zagayen unguwa sau biyu ko uku sun cika wannan ba tare da ya biya ko dala ba. Ga baƙon da ya zo daga Garwa, Mundu ko Yola kuwa, in zai iya zaɓen lokaci, ya zo a Nuwamba. Ya kalli fitowar Lamido ranar Juma'a da dawakai da algaita, ya kwana, Asabar da asuba ya ɗaura takalminsa ya hau ya ga cibiyar da idonsa. In zai sauko, ya sauko da ledarsa a aljihu.