Labarin Malam Abdussalami da Ciwon Daɗewa Cikin Jama'a

Masu karatu na Anka da Gummi da Bukkuyum sun san gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasarsu ya gangara yamma zuwa Jega. To, a wajen Jega ɗin nan Gimbana take, garin Malam Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu na farko. Labarinsa abin dubawa ne ga duk wanda ya tsufa cikin zawiya ko makaranta har ya soma lissafin shekarunsa.

Ba a musun gabacinsa. Tun zamanin Sarkin Gobir Nafata ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa ta faɗa wa garin, ta kwashe mutane. Da aka biyo da su ta Degel, jama'ar Shehu suka kwance su, kuma wannan na cikin sababan hijira zuwa Gudu a 1804. Ashe kuwa wutar jihadi a gidansa ta fara kamawa.

Da aka ci nasara aka raba ƙasa, sai ya ga abin da ya samu bai kai girmansa ba. Aka zaunar da shi Kware, kusa da Sakkwato. Bayan wafatin Shehu a 1817 ya yi jinkirin mubaya'a ga Muhammadu Bello, daga baya ya yi. Sa'an nan wasiƙu suka yi ta kai da kawowa tsakaninsu. Ya zargi jama'a da zalunci da cin dukiyar mutane, ya kawo hujjoji na malamai. Amma kuma ya aika da zanen ƙasa, an nuna rabon 'ya'yan Shehu da 'yan'uwansa, yana tambayar ina nasa rabon.

A nan lamarin ya cuɗe. Ƙorafinsa ba ƙarya ba ne duka, domin Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya riga shi ganin wannan ɓarna, har ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Sai dai Abdullahi barin mulki ya yi niyya, Abdussalami kuwa rabo yake nema. Hujja ta gaskiya ta zama garkuwa, a bayanta ga zuciya mai cewa: ni ne na fari, don me aka sa ni baya? Wannan shi ne ujubu da son shugabanci da malaman tasawwufi suke tsoratarwa a kansu, kuma sun fi kama tsoho a kan sabon shiga, don shi sabo ba shi da abin tutiya.

Alamominsa ba su sake ba har yau. In an yi wa mai wannan ciwo gyara, ba ya duba maganar, sai ya tambayi shekarun mai gyaran cikin ɗariƙa. Ya kan ce wa yara, taɓa ni taɓa Shehi ne. Ya kan ja attajiri gefe ya nuna masa albarka ta hannunsa kaɗai take biyowa. Ta haka ɓacin ran mutum guda yake zama rigimar gari.

Adalci ne kuma a faɗi cewa yawancin labarin nan daga littafin Bello, Sardul Kalami, aka samo shi, watau bakin wanda ya yi rinjaye, shi ma yana kāre kansa ne.

Abdussalami ya buɗe Kware ga masu gudun hukuncin Sakkwato, ya yarda da ciniki da abokan gāba. A farkon 1818 aka ci garin. Ya fita da raunin kibiya, ya rasu a Bakura, ƙasar Zamfara. Talakawa da fatake da suka fake gare shi su suka sha wuyar yaƙin. Ɗansa Buhari kuwa ya yi sulhu daga baya, aka bar masa Jega.