Shin Aikin Ɗakin Hoto Yana Hana Haihuwa?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin shiga jami'a ya zo, a wasu gidaje akan yi wata 'yar muhawara da ba ta fita waje. Yarinya ta ce tana son karanta ilimin ɗaukar hoton asibiti, wato aikin masu riƙe da na'urorin eksire da siti sikan, sai wani babba a dangi ya girgiza kai: "A'a 'yar nan, nemi wani. Wannan aikin cinye ƙwayayen haihuwa yake yi." Wani lokaci ma sai wajen neman aure maganar ke tasowa, idan aka je bincike aka ji manemin a ɗakin hoto yake aiki. Masu faɗin haka ƙauna ce ke sa su, kuma ba ƙirƙirar zancen suka yi ba. Abin da nake gani shi ne, labarin da suke riƙe da shi gaskiya ne shekara ɗari da suka wuce, amma ɗakin hoton yau ba shi ne na wancan zamani ba.

A fara ba su gaskiyarsu, don ruwa ba ya tsami banza. Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus ranar 8 ga Nuwamba, 1895, kuma kafin shekara ta zagayo na'urar ta bazu a Turai da Amurka, ba tare da an san girman illarta ba. Ma'aikatan farko da hannunsu suke gwada ƙarfin hasken: su miƙa shi a gaban na'ura su duba ko ƙasusuwan sun fito sosai. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, haka ya yi ta ƙonewa har aka yanke masa hannuwa biyu, ya mutu da ciwon daji a 1904. A 1903 wani likitan Hamburg, Albers-Schönberg, ya nuna cewa hasken na kashe ƙwayayen haihuwar zomaye maza, sannan a 1905 likitoci a New York suka ba da rahoton maza ma'aikatan eksire da aka auna aka tarar ƙwayar haihuwarsu ta ƙare. Shi kansa Albers-Schönberg hasken ne ajalinsa a 1921. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a harabar wani asibiti a Hamburg, ɗauke da sunaye fiye da 150 na likitoci da ma'aikatan jinya da masu hoto da aikin ya ci. Duk wanda ya ce eksire na iya hana haihuwa bai yi ƙarya ba.

To amma waɗannan bayin Allah a tsaye suke cikin hasken, kullum, na awoyi, babu katanga babu ma'auni. Mutuwarsu ce ta sa aka kafa hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kariya a 1928. Ita kuwa siti sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, sai a 1971 aka fara ɗora marar lafiya a kanta a Landan, kuma sai a 1987 ta iso Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. Ke nan ta zo ta tarar an daɗe da sanin yadda ake zama da wannan haske.

Mu leƙa ɗakin mu gani. Ƙarfe biyun dare an kawo wani matashi da ya faɗi daga babur, kansa ya bugu, yana amai. Ma'aikaciyar hoto ta duba takardar likita, ta tabbatar da sunan, aka kama shi mutum huɗu aka kwantar a kan siririn gadon na'urar ba tare da an motsa wuyansa ba. Ta gyara masa kai, ta kunna jan layin da ke nuna mata saiti, ta ɗaure goshin da maɗauri don kada ya motsa. Duk wannan hidima, na'urar ba ta fitar da eksire ko kaɗan. Sai ta ce wa yayan yaron, "Malam, ku ɗan jira mu a waje," ta ja ƙofar nan mai nauyi da aka shimfiɗa wa dalma a ciki, ta koma ɗakin kwamfuta. Tsakaninta da marar lafiyan akwai bango mai kauri da taga mai gilashin dalma. Jar fitilar saman ƙofa ta kama, ta danna, gadon ya zarce cikin zoben, abin da ke ciki ya juya. Daƙiƙu kaɗan an gama. Hoton kan ya fara fitowa yanka-yanka a fuskar kwamfuta, ta hango farin tabo inda jini ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, ta ɗaga waya ta kira likita tun kafin a rubuta rahoto. A 'yan daƙiƙun da hasken ya yi aiki, ita tana bayan bango.

Wasu za su ce ai ta sake shiga ɗakin, ta shaƙi abin da ya rage. Babu abin da ke ragewa. Eksire kamar hasken fitila yake: da an kashe, shi ke nan, ba ya maƙalewa a bango ko a tufafi ko a jikin marar lafiya. Ma'aikaciyar ba ta komawa gida da shi, ba ta shafa wa jaririnta. Ita ma madarar da ake cewa masu hoto su riƙa sha don ta wanke musu ciki, abinci ce mai kyau, amma babu abin da za ta wanke. Inda ake ɗura wa marar lafiya sinadari mai fitar da haske da kansa wani sashe ne dabam, da nasa ƙa'idojin, ba ɗakin siti ba.

Daɗin abin, wannan magana ce da ake aunawa, ba sai an yi ta musu ba. Kowane ma'aikacin hoto yana da ɗan baji na roba da yake maƙalawa a ƙirji, wanda ke tara lissafin duk hasken da ya taɓa shi, a kai shi a karanta lokaci-lokaci. Ma'aunin kuwa milisibat ake ce masa. Ni da kai da ba mu taɓa aikin asibiti ba, a tsakaice muna samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abincin da muke ci. Doka ta iyakance wa ma'aikaci 20 a shekara. A ƙasashen da ake tattara sakamakon baji, yawancin masu hoto ba sa kai ko 1. Ma'aikatan jirgin sama masu dogon zango sukan fi su samu, amma ban taɓa jin an hana wani aure don matuƙin jirgi ne ba. To nawa ke taɓa haihuwa? Kafin ƙwayar namiji ta ragu na ɗan lokaci, sai gaɓar haihuwarsa ta sami wajen 100 zuwa 150 a karo guda. Rashin haihuwa na dindindin kuwa sai an shiga dubbai: daga 2,500 ga mace, daga 3,500 ga namiji. Wanda ke samun 1 a shekara, ko ya cika shekara 35 na aikin gwamnati, 35 ya tara, su ma a warwatse. Game da tsoron haifar 'ya'ya masu naƙasa, an shafe shekaru da dama ana bibiyar 'ya'yan da waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki suka haifa daga baya, ba a gano ƙarin naƙasar gado a cikinsu ba.

Ba cewa nake yi babu haɗari sam ba. Masana suna aiki ne bisa ɗaukar cewa kowane ɗan ƙarin haske yana ƙara yiwuwar ciwon daji ko da ƙanƙani ne, shi ya sa ba a sakaci da shi. Akwai kuma ayyukan da dole ma'aikaci ya tsaya kusa, kamar a ɗakin tiyata idan ana gyaran ƙashi ana dubawa da na'ura. A nan ne ake sa rigar dalma da abin rufe maƙogwaro, a ja da baya gwargwadon hali, domin duk lokacin da ka ninka nisanka biyu, abin da ke iso ka yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aikaciya mai juna biyu kuwa, da ta sanar, ƙa'ida ita ce kada abin da ke cikinta ya sami fiye da 1 har ta haihu, don haka akan janye ta daga irin waɗannan ayyuka.

Inda nake tare da iyayenmu ɗari bisa ɗari shi ne a kan wuraren da ba a bin ƙa'ida. Duk lissafin nan da na kawo ya rataya ne a kan bango mai kauri da bajin da ake karantawa. Idan aka mayar da shagon haya ɗakin hoto, bangon bulo na yau da kullum, ƙofar falange, aka ɗauko yaron da bai yi karatun ba aka nuna masa maɓalli, to tsoron ya halatta, ga shi da ma mai shagon da ke maƙwabtaka. Hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya a Najeriya ce ke ba da lasisin ɗakuna da na'urori, hukumar rajistar masu hoto da aka kafa a 1987 kuma ita ke tantance ma'aikata. Uban da ke tsoron wa 'yarsa yana da haƙƙin tambaya: wurin yana da lasisi? An ba ki baji? Yaushe rabon da a karanta shi?

Wani abu da akan manta, wanda ke shan hasken na gaske shi ne na kwance a kan gado. Hoton ƙirji na eksire bai wuce 0.1 ba, siti na kai kusan 2 ne, na ciki kan kai 8 zuwa 10. Amfaninsa ya fi illarsa nesa ba kusa ba idan da buƙata, amma sai an sami wanda ya san ya rage wa ƙaramin yaro ƙarfin na'ura, ya tambayi mace ko tana da ciki, ya duba gwajin ƙoda kafin a ɗura ruwan da ke haska jijiyoyi. Duk hazikin ɗalibin da aka tsorata ya bar fannin, marasa lafiya aka rage wa. Abin ya fi ciwo a ɓangaren mata: akwai masu jinkirta hoton mama ko na mara har cuta ta yi nisa, don kawai ba su sami mace a ɗakin ba. Ga shi kuwa ana koyar da fannin a jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri.

In dai gargaɗi za a yi wa mai sha'awar aikin, akwai na gaskiya da za a faɗa masa. Zai yi ta ɗaga marasa lafiya har bayansa ya fara ƙorafi. Zai yi kwanan asibiti ranar Sallah. Masu tarin fuka za su yi tari a gabansa, don haka ya riƙe takunkumi. Kuma ranar da na'ura ta tsaya ana jiran injiniya ko kayan gyara daga waje, shi ne zai fito ya yi wa dogon layin mutanen da suka taho daga ƙauyuka bayani.