Garantin Motar Hannu: Alkawarin da Ba Ya Tsallake Teku

Motocin da ke bin titunan Amurka sun tsufa fiye da yadda aka saba gani. Ƙididdigar kamfanin S&P Global Mobility ta nuna cewa a 2024 matsakaicin shekarunsu ya kai 12.6. Garantin da Toyota ko Honda ke bai wa sabuwar mota a can kuwa shekara 3 ne ko tafiyar mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Injin da giya kaɗai ake ja wa zuwa shekara 5 ko mil 60,000. Ke nan mafi yawan rayuwarta mota tana yin ta ne ba mai tsaya mata sai aljihun mai ita. A wannan giɓi wata sana'a ta kafu, ta sayar da ƙarin garanti, wato takardar da ke alkawarin biyan kuɗin gyara bayan na kamfani ya ƙare. Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Akwai 'yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila da Jamus, waɗanda dillali zai ajiye wa wannan takarda a gaba ranar ciniki. Akwai kuma mu na gida, waɗanda motocin can ke ƙarewa a hannunmu da sunan Beljiyam ko 'yar Kwatano.

Babban abin da ya haɓaka sana'ar shi ne yadda ita motar ta canza. Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna, bakaniken unguwa na iya kwance ta ya mayar da sifana da sukudireba. Motar yanzu cike take da na'urorin lantarki: ƙwaƙwalwa mai sarrafa injin, wata mai sarrafa giya, kyamarori da na'urorin jin motsi a gaba da baya. Ba a cika gyara irin waɗannan ba, sai dai a cire a sa sabo, kuma sabon na da tsada. Lalacewar giya guda na iya cin dalar Amurka dubbai. Mai ƙaramin albashi da ya ci bashi ya sayi mota ba zai iya ɗaukar wannan lokaci guda ba, shi ya sa yake ganin gara ya riƙa biyan kaɗan-kaɗan ya huta da fargaba. Ƙarancin ƙananan kayan lantarki da ya biyo bayan annobar korona ya ƙara rura wutar. A 2021 masana'antu sun rage ƙera sabbin motoci, farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka koma sayen motocin da suka fi tsufa a kan kuɗi mai yawa. Wanda ya zuba dukiya haka a tsohuwar mota, da sauƙi ake sayar masa da kwanciyar hankali.

Dalili na biyu ba a cika faɗa wa mai saye ba. Ribar dillali a kan jikin motar ba ta da yawa, domin kowa na iya duba farashi a intanet kafin ya zo. Inda riba take shi ne ɗakin da ake shigar da mutum bayan an gama ciniki, inda ake cike takardun bashi. A nan ake kawo masa ƙarin garanti, a farashin da dillalin ya ɗora nasa rabo a kai, sau da yawa kuma a cusa kuɗin cikin bashin motar, ya riƙa biyan ruwa a kansa shekara da shekaru. A dokar Amurka ma wannan takarda yarjejeniyar gyara ce da ake saye daban, ba ta cikin garantin da mai ƙera mota ya bayar, kuma sau da yawa wani kamfani ne can daban, wanda bai taɓa ƙera ko ƙusa ba, ke da alhakin biya.

Su ma masu ƙera motoci sun mayar da garanti makamin gasa. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Amurkawa ke raina ingancin motocin Koriya, Hyundai ta fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan injin da giya, kuma hakan ya taimaka mata ƙwarai wajen wanke sunanta. Kia ta shimfiɗa garantin shekara 7 ga duk motocinta a Turai tun 2010. Toyota a Ingila ta ɓullo da wata dabara a 2021: duk lokacin da aka kai mota sabis garejin wakilinta, sai a ƙara mata garantin shekara guda, har ta cika shekara 10 ko mil 100,000, ko hannu nawa ta bi. Manufar a fili take, a dawo da tsofaffin motoci garejin kamfani maimakon na waje.

Wurin da mai sayen motar hannu ke yawan faɗawa rami shi ne batun ko garantin zai biyo motar zuwa hannunsa. Garantin masana'anta yawanci a jikin lambar motar yake, yana bin ta duk inda ta je a cikin ƙasar, amma lissafinsa yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da ita. Wanda ya sayi Corolla mai shekara 2 da rabi, wata 6 kawai suka rage masa a garantin shekara 3. Shi kuwa garantin Hyundai da Kia na shekara 10 a Amurka na mai saye na farko ne kaɗai. Da zarar motar ta canza hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000. Mutum na iya ganin tallar shekara 10 ya ƙara kuɗi a kan Sonata mai shekara 6, alhali ba abin da ya rage masa. Na Kia a Turai kuma yana bin motar har ƙarshen wa'adinsa. Kamfani ɗaya, nahiya biyu, hukunci biyu.

Ƙarin garantin da aka saya a wajen wani kamfani ya fi wannan sarƙaƙiya. Yawancinsu suna yarda a mayar da shi sunan sabon mai mota, amma da sharuɗɗa: a nema cikin ƙayyadadden lokaci, sau da yawa kwana 30 bayan ciniki, a biya kuɗin sauya suna, a kawo rasiɗan sabis. Da yawa kuma ba sa yarda idan motar ta bi ta hannun dillali, sai dai daga mai ita kai tsaye zuwa mai saye. Mai sayarwar ma yana da zaɓin soke yarjejeniyar ya karɓi ragowar kuɗinsa, don haka cewar da zai yi "tana da garanti" ba ta wadatar ba sai an kira kamfanin an ji daga bakinsa. Sannan akwai abin da takardar ta rufe. Wata tana lissafa sassan da za ta biya, duk abin da ba a ambata ba babu shi. Wata tana lissafa abin da ba za ta biya ba, sauran duk suna ciki, kuma wannan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Birki da taya da batir da kuloci, abubuwan da amfani ke cinyewa, kusan ba wadda ke ɗaukarsu. Haka duk matsalar da aka ce motar ta zo da ita tun kafin a sa hannu, kuma da wannan hujja ake ƙin biyan mutane da yawa.

Sana'ar ta haifar da ɓarna mai yawa. Kamfanin US Fidelis na jihar Missouri, wanda ya cika talabijin da talla, ya durƙushe a 2010 ya bar masu takardunsa riƙe da iska, masu shi kuma suka ƙare a gidan yari. A Agustan 2023 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci wata ƙungiyar 'yan damfara tarar kusan dala miliyan 300, bayan sun buga kira sama da biliyan 5 cikin wata 3 suna tsorata mutane cewa garantin motarsu ya kusa ƙarewa. A Yulin 2024 kamfanin CarShield ya amince ya biya dala miliyan 10 don sasantawa da hukumar kasuwanci ta tarayya, wadda ta zarge shi da tallar da ke sa mutane zaton za a biya musu gyaran da ba ya cikin yarjejeniya. Ko kamfanin mai gaskiya ne, lissafin ba ya goyon bayan mai saye: dole abin da ake karɓa ya fi abin da ake biya, in ba haka ba ba za a yi sana'ar ba. A ganina, wanda ya sayi mota mai suna wajen ƙarko kuma yana iya ajiye kuɗin gyara a gefe, ajiyar ta fi masa. Wanda ya sayi motar alfarma ta Jamus mai shekara 6, ko wanda lalacewa ɗaya za ta raba shi da hanyar cin abincinsa, shi ne takardar ke iya yi wa rana, in ta masana'anta ce.

Amma akwai wani alheri da sana'ar ta jawo wanda nake ganin ya fi takardar kanta daraja. Tunda ba a biyan mutum sai ya nuna ya canza baƙin mai a kan lokaci, sai ajiye rasiɗi ya zama al'ada. Mota ta zama tana da tarihi rubutacce: wa ya riƙe ta, ina aka yi mata sabis, mil nawa ta yi a kowace shekara, ta taɓa haɗari ko ba ta taɓa ba. A kan wannan tarihi kamfanoni suka gina tsarin motocin hannu da suka tantance da kansu, kamar na Toyota a Amurka mai ba da garantin shekara guda ga jikin motar da shekara 7 ko mil 100,000 ga injin da giya. Mai sayarwa ya san rasiɗansa kuɗi ne ranar da zai rabu da motar, don haka yake kula da ita.

Duk wannan yana tsayawa ne a bakin teku. Garantin da aka bayar a Amurka na Amurka ne, wakilin kamfani a Legas ko Kano ba ya da alhakin cika shi. Mafi yawan motocin da ke sauka a Apapa da Tin Can ko Kwatano ma sun wuce wa'adin tun tuni. Da yawansu daga gwanjon Copart da IAA aka saye su, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, kuma motar da aka yi wa wannan hatimi garantinta yakan mutu nan take. Sai a gyara fuska, a yi fenti, wani lokaci a mayar da mitar tafiya baya. Tarihin nan da na yaba yana nan a intanet, lambar motar mai haruffa 17 ta isa a binciko shi a Carfax, amma masu saye kaɗan ne ke nema. Abin da ake dogaro da shi shi ne a zo da bakanike ya saurari injin, ya leƙa ƙarƙashi, a zaga gari sau ɗaya. Bayan an biya la'ada an karɓi makulli, in giya ta ƙi shiga a hanyar Zariya, sai dai a ce ƙaddara. Da dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ana iya jure wannan caca. Bayan ta haura 1,500 a farkon 2024, motar da kayan gyaranta duk sun ninka, kuskure ɗaya na iya cinye tarin shekaru.

Abin da ya fi damuna a nan ya wuce kuɗi. Ban da garanti, akwai kiranyen da kamfani ke yi idan an gano aibi mai haɗari, wanda ake gyarawa kyauta ko mota ta bi hannu goma. Mafi girma a tarihin Amurka shi ne na jakar iskar kamfanin Takata, kusan miliyan 67, wadda sinadarin cikinta ke lalacewa da zafi da laima har ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. Ta kashe mutane fiye da 20 a Amurka kaɗai, kamfanin kuma ya karye a 2017. Motocin da abin ya shafa sun haɗa da Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika titunanmu. Wadda aka fitar kafin a gyara ta, wasiƙar kiranyen ba za ta taɓa iske mai ita a Katsina ko Maraɗi ba, ga shi zafinmu ya fi na inda aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da ake sa lambar mota a gani kyauta ko akwai kiranyen da ba a cika ba. Ya kamata wannan ya zama tambayar farko a bakin duk mai ciniki.

Ba na fatan a kwaso mana sana'ar ƙarin garanti yadda take a Amurka. Inda inshorar dole ta naira 15,000 ma mutane da yawa ke yankar ta don gudun jami'an hanya kawai, takardar alkawarin gyara za ta zama sabuwar ƙofar damfara. Malamai kuma sun yi saɓani a kan garantin da ake saye daban, saboda gararin da ke cikin biyan kuɗi a kan abin da ba a san zai faru ba. Amma garantin da mai sayarwa ya ɗauka wa kansa a cikin cinikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da ba a bayyana masa ba, dokar kare masu saye ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ita ma ta tanadi haƙƙin samun kaya mai inganci. Abin da ya rage shi ne rubutu. Ƙungiyoyin dillalan motoci na Kano da Kaduna suna da ikon da za su wajabta wa 'ya'yansu takarda guda: lambar motar, abin da mita ta nuna, ko ta taɓa haɗari ko shan ruwa, da alkawarin wata 1 ko 3 a kan injin da giya, da sunan wanda zai yi hukunci in an samu saɓani. Dillalin da ya san motar za ta iya dawo masa zai duba tarihinta tun tana filin gwanjo, kafin ya biya kuɗin jirgi da na kwastan. Idan aka kai ga son kariya mai tsawo, kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor suna da tsarin asusun taimakon juna da za a iya gina ta a kai, amma su ma ba za su iya sa farashi a kan motar da ba wanda ya san sau nawa aka canza mata mai ba. Garejin da ya fara bai wa kwastomansa littafin sabis mai kwanan wata da hatimi shi ne zai fara samar da motocin da za a iya yi wa garanti a ƙasar nan.