SHINGE DA RUMFA DAGA GINDI SU KE MUTUWA

Kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, an saki dabbobi. Yanzu ne hankalin mai lambu da mai garka ya ke tashi, gama akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin wata uku cikin yini guda. Ba da daɗewa ba kuma bazara za ta kawo kai. A garuruwa kamar Sakkwato da Maiduguri zafi ya kan wuce digiri 40 cikin watan Afril. Sa'an nan kowa zai nemi inuwa, da mai gida, da ɗan tireda, har da tumakin da ke turke.

Abin da ke damun mutane shi ne kowace shekara sai an sake aiki. A sayi itace, a sayi zana, a biya mai ɗauri, damina ɗaya ta wuce, sai ga shinge a kwance. In an duba kuwa, za a tarar saman itacen lafiya lau ya ke. Ɓarnar duka tana gindi, daidai inda icce ya gamu da ƙasa. Wanda ya tsare wannan ɗan wuri ya huta da sake aiki shekara da shekaru.

ABOKAN GABA BIYU

Na fari ita ce gara. Gidanta cikin ƙasa ya ke, can inda sarauniyarta ke zuba ƙwai. Ba ta jure hasken rana ko busasshiyar iska, shi ya sa in za ta hau icce sai ta gina hanya ta laka ta bi ta ciki. Ta kan cinye cikin dirka ta bar bayanta kamar ba abin da ya taɓa ta, sai ran da aka jingina a ji ruƙus.

Na biyu shi ne ruɓa. Icce ba ya ruɓewa sai ya sami damshi da iska gaba ɗaya. Sama akwai iska amma ba damshi, can ƙasa akwai damshi amma iska kaɗan ce. A bakin rami ne su ke haɗuwa, shi ya sa dirka ta ke karyewa a nan. Iccen da ya fara ruɓa kuwa ya fi yi wa gara sauƙin ci.

ZAƁEN ICCE

In an sare icce aka dubi bakin saran, za a ga fari daga waje, a ga ja ko baƙi-baƙi a tsakiya. Na tsakiyan shi ne zuciyar icce, shi ke da ƙarko. Farin kuwa abincin gara ne ko da na wane icce ne. Saboda haka siririyar sanda wadda ba ta yi zuciya ba, ba ta isa dirka ba, sai dai tanka.

Kirya ita ce gaba wajen ƙarko. Marke ma yana da ƙarfi ƙwarai. Azara ta giginya ba ta da na biyu wajen ɗaukar rufi, amma a lura, ɓangaren waje mai baƙar tsarkiya shi ne mai kyau, na ciki ɓargo ne kawai. Sai dai waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci, kuma a wurare da yawa doka ta hana sare su sai da iznin ma'aikatan daji. Abin da yawancin mutane za su samu shi ne darbejiya, watau dogon yaro, da turare. Ita darbejiya asalinta daga Indiya ne, an kawo ta ƙasar Barno a 1928. Tana da saurin girma, in an sare ta kuma ta kan sake toho. Itacenta in ya ƙosa gara ba ta cika son sa ba. Turare miƙaƙƙe ne, amma in ba a gyara gindinsa ba, ba ya daɗewa cikin ƙasa.

Da rani a ke saran dirkoki. A ɓare ɓawon nan da nan, gama ƙwari a ƙarƙashinsa su ke ɓuya. A jera su a inuwa bisa duwatsu, kada su taɓa ƙasa, su yi kamar wata biyu su bushe. Ɗanyen icce ba ya shan magani, kuma in rana ta buge shi ya kan tsage.

GYARAN GINDI DA KAFAWA

Dabarar da aka gada ita ce a babbake gindin dirka har ya yi baƙi. Tana taimako, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Ya fi kyau a shafe gindin da kwalta mai zafi, ko da maganin katako irin su Solignum, shafi biyu. Kuskuren da a ke yawan yi shi ne a shafa iyakar inda zai shiga rami. Lalle shafin ya haura bakin rami da ƙafa ɗaya, domin nan ne wurin cutar. Waɗansu su kan yi da baƙin man mota. Wannan yana ɓata ƙasa da ruwa, kada ya kusanci rijiya ko fangalin lambu.

Akwai magungunan gara na dā, irin su aldrin da dieldrin, waɗanda aka haramta a yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm a 2001, aka ƙara da lindane, watau Gammalin, a 2009. Dalili kuwa su kan daɗe cikin ƙasa da jikin mutum. Duk wanda aka yi wa tallar su a kasuwa ya ƙi. Har ila yau iccen da ya sha magani ba a girki da shi, ba a kuma gasa nama da shi.

Zurfin rami ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon dirka. Watau dirka mai ƙafa 8 ta shiga ƙasa ƙafa 2. In jigawa ce a ƙara zurfi. A zuba tsakuwa kaɗan a ƙasan ramin don ruwa ya tsiyaye. Wajen cikawa kada a tura ƙasa gaba ɗaya. A zuba kaɗan, a kirɓa da taɓarya, a sake zubawa, har rami ya cika, sa'an nan a yi masa ɗan tudu don ruwa ya gangare.

Mai hali ya kafa da kankare: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A ɗaga kankaren bisa ƙasa, a yi masa gangare. In aka bar shi kamar akushi yana tara ruwa a gindin icce, to, gara ma ba a sa ba. Bututun ƙarfe gara ba ta cinsa, amma tsatsa ita ma a gindi ta ke kama shi, sai a shafe shi da fenti ko kwalta.

Ga misalin lissafi. Garka mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 40, kewayenta ƙafa 200 ke nan. In an bar ƙafa 8 tsakanin dirka da dirka, dirkoki 25 za ta ci. Huɗu na kusurwa da biyu na ƙofa su zama mafiya kauri, a kuma tokare su, gama su ke ɗauke da jan waya da nauyin ƙyaure. In darni ne ko zana, a yi tanka uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗaga bakin zanar kamar inci uku daga ƙasa. In waya mai ƙaya ce, a matse layukan ƙasa, domin akuya ta ƙasa ta ke kurɗawa.

SHINGE MAI RAI

Kome gyaran da aka yi wa busasshen icce, wata rana zai ƙare. Manomi mai hangen nesa ya kan mai da darninsa ya zama mai gadin wani shingen, watau ya dasa mai rai daga ciki. Kafin darni ya mutu, na cikin ya kama.

Aguwa da dashi da bini-da-zugu duk da reshe a ke dasa su. Ƙarshen rani a ke yi, gab da faɗuwar ruwa. A yanko rassa masu tsawon ƙafa biyu ko uku, a ajiye su a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe, sa'an nan a kafa, ƙafa ɗaya tsakani. Garkar nan ta misali za ta ci rassa 200. Dabbobi ba su cin bini-da-zugu, amma 'ya'yansa guba ne, a tsare yara. Ruwan aguwa kuma kada ya shiga ido. Bagaruwa da magarya da iri a ke shuka su, sun fi jinkiri, amma ƙayarsu ta kan tsai da ko da saniya. Lalle da zogale suna kawo kuɗi, sai dai akuya na son zogale, don haka wurinsa daga ciki ne.

Shekarar fari da ta biyu a riƙa datse kan shingen don ya yi rassa daga ƙasa. In an bar shi ya miƙe, sama za ta cika, ƙasa ta zama ƙofa. Abu ɗaya kuma wajibi: kafin a dasa a kan iyaka, a kira maƙwabci da mai unguwa su shaida. Darni a kan cire shi, amma shinge mai rai ya kan zama iyaka har jikoki.

RUMFA

Rumfa ta yi tsawo daga gabas zuwa yamma, domin rana ta bi ta kan rufin, inuwa ta zauna a ƙarƙashi yini zubur. Ranar la'asar ita ce mai shigowa ta gefe, sai a rataya zana ko asabari a yamma. Kudu da arewa a bar su a buɗe iska ta ratsa.

Rufin ciyawa ko zana ya fi sanyi, amma in ana so ya tare ruwa sai an yi masa gangare sosai. Kwano ya fi daɗewa, sai dai in ya ɗauki rana ya kan sauko da zafin bisa kan mutane. Maganinsa uku: a ɗaga rumfar ta kai ƙafa 9, a shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon da 'yar tazara, a shafa wa bayansa farin fenti. A buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba, in ba haka ba zai yi yoyo.

Hadarin farkon damina yawanci daga gabas ya ke tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Iskar nan ta kan shiga ƙarƙashin rufi ta ɗaga shi kamar faifai. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi ba magani ba ne, ƙarin haɗari ne ga wanda ke ƙasa. A ɗaure kowace azara da dirkarta da waya ko langalanga, a kuma gicciya tokara a kusurwoyi don kada rumfar ta yi rawa. Ranar da aka kafa rumfa a nemi reshen cediya a dasa daga yamma da ita da farkon damina, nesa da gini, gama saiwarta tana da yaɗo. Nan da 'yan shekaru inuwar kyauta ce.

DAKALI

A ƙasashen Turai da Amurka mutane su kan yi dandamalin katako a bayan gida don shan iska. A ƙasar gara wannan sai mai kuɗi da lura: a ɗora shi bisa ginshiƙan siminti, katako ya yi nesa da ƙasa da ƙafa ɗaya da rabi, a bar 'yar kafa tsakanin alluna, ƙarƙashi kuma ya zama a share ana ganinsa. Ga yawancin mutane dakali ya fi. A gina shi da tubali ko bulo, a cika da jar ƙasa, a daɓe, a yayyafa makuba ko a shafe da siminti. A ba shi ɗan gangare zuwa waje, rufin rumfa kuma ya zarce bakinsa don kada ruwan indararo ya ci gindinsa.

DUBAWA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau ɗaya a wata mai gida ya kewaya shingensa. Ya kankare duk hanyar gara da ya gani, ya girgiza kowace dirka, ya soki gindinta da wuƙa. In wuƙa ta shige da sauƙi, a kafa wata a gefenta tun ba ta faɗi ba. Kada a jingina kara ko itacen wuta ko taki a jikin shinge, gada ce a ke yi wa gara. Da hunturu a share busasshiyar ciyawa taku uku daga darni, murhu kuma ya yi nesa da zana, gama gobarar darni ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Babban gyara kuwa a gama shi cikin Maris, a sake ɗauri, a ƙara shafin gindi, a tanadi rassan dashe. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo, zai tarar itace ya yi tsada, masu aiki kuma duk sun tafi sharar gona.