Me Ya Sa Ramukan Saƙar Zuma Suke da Gefe Shida?

Duk wanda ya taɓa sayen zuma da saƙarta ya ga ƙananan ramukan nan da suka jeru reras, kowane da gefe shida. Faɗin akasarin ramukan da ake renon 'ya'yan zuma a ciki bai wuce milimita 5 da ɗan ɗoriya ba, amma idan ka ɗaga saƙar ka haska ta da rana, za ka ga ɗaruruwansu sun manne da juna babu ko ɗan gurbi a tsakani. Ƙudan zuma ba shi da ma'auni, kuma cikin duhun amya yake ginin. To me ya kai shi ga gefe shida?

Maganar tana farawa ne daga tsadar kaki. Daga jikin ƙudan kakin yake fitowa, ta wasu kafofi guda 8 da ke ƙarƙashin cikinsa, kuma masana kiwon zuma sun ƙiyasta cewa sai an sha zuma kamar kilo 6 zuwa 8 kafin a samu kilo 1 na kaki. Ke nan duk bangon da aka ƙara babu larura, abincin gobe aka ɓarnatar.

Nan lissafi ya shigo. Idan ana son rufe fili da siffa iri ɗaya, mai gefuna da kusurwoyi daidai wa daida, siffofi uku ne kacal za su yi: alwatika, da murabba'i, da mai gefe shida. Dalilin shi ne duk inda kusurwoyi suka haɗu, dole jimlarsu ta cika digiri 360. Kusurwar alwatika 60 ce, shida sun cike wurin. Ta murabba'i 90, huɗu sun isa. Ta mai gefe shida 120, uku sun wadatar. Mai gefe biyar kuwa kusurwarsa 108 ce, uku su ba da 324, a bar gurbin 36 wanda na huɗu ba zai shiga ba.

Cikin ukun wanne ya fi rangwame? A ce za ka kewaye lambu mai girman murabba'in mita 100 da danga. In ka yanka shi alwatika, za ka ci danga kusan mita 46. In murabba'i ne, mita 40. In mai gefe shida ne, mita 37 da ɗan kai. Da'ira ta fi su duka sauƙi, mita 35 da ɗoriya, sai dai da'irori ba sa haɗuwa sai sun bar ramuka a tsakani.

Ke nan cikin ukun, mai gefe shida ne ya fi tsimi, kuma mutanen da sun lura da wannan tun tuni. Varro, wani marubucin Rum, ya ambace shi a shekara ta 36 kafin haihuwar Annabi Isa, Pappus na Iskandariyya kuma ya yi bayaninsa a ƙarni na 4. Abin da ya gagara shi ne hujjar cewa babu wata siffa ko ɗaya, ko da mai lanƙwasassun bango ce, da za ta fi wannan tsimi. Sai a 1999 Thomas Hales na Jami'ar Michigan a Amurka ya kawo cikakkiyar hujjar. Abin yana burge ni ƙwarai: shekara dubu biyu masana suna bin sawun aikin da wannan ƙwaro yake yi kullum cikin ikon Allah.

Ba a amya kaɗai digiri 120 yake fitowa ba. Dubi kumfar sabulu a bahon wanki, za ka ga bango uku-uku ne suke haɗuwa, kuma Joseph Plateau na ƙasar Beljiyam ya bayyana a 1873 cewa a kan wannan kusurwa suke haɗuwa koyaushe, domin kowane bango yana ja da ƙarfi daidai da na ɗan'uwansa. A gaɓar tekun Ireland ta Arewa akwai ginshiƙan dutse kusan 40,000 a wurin da ake kira Giant's Causeway, akasarinsu masu gefe shida, waɗanda suka samu lokacin da narkakken dutse ya huce ya tsattsage. Ko lakar fadama tana da nata: bushewar farko tsagar kan haɗu a tsaye, digiri 90, amma in ta yi ta jiƙa tana bushewa, sai mahaɗar ta riƙa karkata zuwa 120. Sanadin kowanne daban ne, bai kamata a cakuɗa su ba.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddace jimlar kusurwoyi don jarrabawa, ba tare da an taɓa nuna musu inda take aiki ba. Malaman lissafi, don Allah a sa yara su tattaro marafan kwalbar lemo. A ajiye ɗaya a tsakiya, a ce su kewaye shi da sauran, kowane yana taɓa shi. Shida za su shiga cif, na bakwai ba zai samu wuri ba. Daga nan sai a tambaye su dalili.