Mafi Ƙarancin Albashi: Asalinsa da Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Kamfanoni

Duk ranar 1 ga watan Mayu ma'aikatan Nijeriya kan yi maci a filayen taro, shugabannin siyasa kuma su yi ta yaba musu. Amma da yake yabo ba ya sayen mudun hatsi, ƙungiyoyin ƙwadago kan auna mutuncin da gwamnati ke ba ma'aikaci ne da abin da ke shiga aljihunsa a ƙarshen wata.

Gwagwarmayar ta samo asali tun zamanin Turawa. A 1945 Michael Imoudu ya jagoranci yajin aikin gama-gari na fiye da kwana 40 a kan tsadar rayuwa. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu, abin da ya ƙara rura wutar neman 'yancin kai. An kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, a 1978 ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Gwamnatin Abubakar Rimi ta Jihar Kano ta ba da hutun Ranar Ma'aikata a 1980, sa'annan gwamnatin Shehu Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. A shekarar ne kuma, bayan yajin aiki, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, Naira 125 a wata.

Gwamnatocin soja sun rushe shugabancin NLC sau biyu, a 1988 da 1994. Bayan dawowar mulkin farar hula aka ɗaga albashin zuwa Naira 5,500 a 2000, Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, sai Naira 70,000 a 2024, shekara guda bayan janye tallafin man fetur. Dokar 2024 ta kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa 3.

Adadin ya haura, darajarsa kuwa ta faɗi. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin Dalar Amurka 200, alhali Naira 70,000 ba ta kai Dala 50 ba lokacin da aka sa wa dokar hannu. Bugu da ƙari, 'yan kasuwa ba su manta da ƙarin Udoji ba, wanda da aka biya shi a 1975 farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo. Don haka ƙarin da bai zo tare da bunƙasar masana'antu da noma ba, kasuwa ce ke lashe shi.

Tsarin mulki ya damƙa wa Majalisar Tarayya kaɗai ikon yanke wannan albashi. A 2021 an gabatar da ƙudurin ba jihohi dama kowace ta yanke nata, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga a Abuja, domin a ganinsu hakan zai ba gwamnoni kafar danne ma'aikata.

Ya kamata masu kamfanoni su lura cewa dokar ta shafe su kai tsaye. Duk kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama wajibi ne ya biya, ko da yake an keɓe masu aikin wucin gadi na gona da waɗanda ake biya da kamasho. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Akwai kuma kashi 1 cikin 100 da ake biya wa hukumar NSITF domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Kamfanin da ya sa waɗannan cikin kasafinsa tun farkon shekara ya tsare kansa daga tara da shari'a a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma ya fi samun riƙe ƙwararrun ma'aikatansa.